Shekarar da Murdo Ya Saki Wando

A Ardmurran, ɗan garin masunta da ke bakin teku a yammacin Sikotilan, an yi wani mutum ana ce masa Murdo Geddes. Babu wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai, domin ba ya bari a kai ga tambaya. Tsohon direban bas ne. Da ya yi ritaya ya rasa fasinjojin da zai riƙa cika wa kunne, sai ya juyo kan mutanen gari. Ya san ciwon tumakin kowa, ya san abin da ke damun injin kowane jirgi, har ya san dalilin da ya sa biredin matarsa Ishbel ba ya tashi sosai, alhali biredin nan ne ke cin gasa duk shekara.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, tutar gari. Ranar bikin tashar jiragen ruwa mutum ɗaya ke riƙe ta, ya shige gaban masu busa da masu ganga, gari duka na biye da shi. Shekara da shekaru maƙwabcinsa Torquil, tsohon masunci, shi ke riƙewa. Bana gwiwar Torquil ta ƙi, sai Misis Effie Gunn, shugabar kwamitin biki, ta ce za ta zaɓi wani. Sharaɗinta shi ne mutum ya sa kilt, wato siket ɗin gargajiya na mazan Sikotilan, kuma kilt ɗin ya zauna inda aka ajiye shi, domin jerin gwanon ta kan gaɓa yake bi, inda iska ba ta jin kunyar kowa, ga matan coci a sahun gaba.

Washegari da safe Murdo ya ture kwanon kunu gefe, ya gyara murya.

"Ishbel, daga yau na saki wando."

"Wanne daga ciki?"

"Dukkansu. Wando kurkuku ne. Kakanninmu sun hau duwatsu sun sauko ba su san shi ba."

"Kakanka tela ne, Murdo. Wando yake ɗinkawa."

"Ɗayan kakan nake nufi."

Ya bayyana mata shirinsa. Ba kilt ɗin zuwa biki yake magana ba, wanda ake sawa sau ɗaya a shekara a mayar cikin akwati. Na yau da kullum zai nemo iri-iri, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, ya gano wanda ya fi daɗin sawa da wanda ya fi rufe mutunci. Kafin ranar biki Misis Gunn za ta gane cewa a garin nan mutum ɗaya ne ya san sirrin kilt. Ya tattara wandunansa ya cusa a buhu, ya jefa ɗakin shirgi, ya karkaɗe hannu. Ishbel ta ci gaba da shan shayinta.

Na farkon da ya iso mara nauyi ne, irin wanda samari ke sawa zuwa kallon ƙwallo. Murdo ya ɗaura ya tafi kanti, ya sayo ƙwai da madara, ya biyo ta gaɓa don a gan shi. Torquil na zaune a kan bencinsa ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Torquil, dubi nan! Ka taɓa ganin sauƙi irin wannan? Kamar ban sa komai ba. Iska na shiga tana fita abinta."

"Ina ganin tana shirin shiga da yawa," in ji Torquil, yana duban teku.

Bai rufe baki ba iskar ta iso. Gaban kilt ya tsira saboda jakar fata da ke rataye a wurin, amma baya ya tashi ya manne wa Murdo a ƙeya. Hannunsa ɗaya ƙwai, ɗaya madara. Ya juya don ya ba iska gaba, sai gaban ma ya fara rawa. Ya saki ƙwai ya dafe, ya saki madara ya dafe, duk da haka hannu biyu ba su isa ba. A daidai lokacin Misis Gunn ta fito daga gidan waya tana bayansa, ta ga jan kamfai mai zanen ƙananan jiragen ruwa.

"Barka da asuba, Mista Geddes," ta ce. "Ta murya na gane ka."

"Ka yi gaskiya," in ji Torquil bayan ta wuce. "Kamar ba ka sa komai ba."

"Ai gwaji ke nan," in ji Murdo, yana tsame takalminsa daga cikin ƙwai. "Na gano abin da nake nema. Ta fannin daɗi ba shi da na biyu. Nauyi kawai ya rasa, kuma nauyi abu ne da mai basira zai ƙara masa. Ara mini dalmar da kake ɗaura wa ƙugiya."

Torquil ya ba shi cike da gwangwani, bai ko tambayi dalili ba, don yana so ya ga ƙarshen abin.

Murdo ya zauna ya ɗinke dalmar nan a bakin kilt, zagaye. Da ya miƙe, kilt ya tsaya cak, ko guguwa ba za ta ɗaga shi ba. Sai dai duk takun da ya yi, dalma ta buge shi a gwiwa. Ishbel ta tambaye shi abin da ya sa yake tafiya kamar mai tsallake kwata, ya ce tafiyar sojoji ce, ba za ta gane ba.

Da yammacin Juma'a akwai rawa a zauren gari. Murdo ya ja Ishbel tsakar fili, ya tabbatar Misis Gunn na kallo. Da farko lafiya lau. Da mai goge ya kai wurin juyi, Murdo ya ɗauki wuta. Bakin kilt ya tashi ya buɗe kamar laima, dalma na zagayawa kamar majajjawa. Ta fara samun mai gidan waya a ƙwauri, ya yi ƙara ya zauna a ƙasa. Ta share kofunan shayi daga kan tebur. Mata suka tattare siket suka yi bango. Mai goge ya haye kujera bai daina kiɗa ba, Murdo kuwa da ya ga fili ya buɗe masa, sai ya zaci burge mutane ya yi, ya ƙara sauri. Fasto ya matso yana ɗaga hannu don ya tsayar da shi, dalma ta same shi a inda ya sa ya manta abin da ya zo faɗa.

Torquil na gefe yana share hawayen dariya. "Tun ina saurayi nake kamun kifi da dalmar nan," ya ce, "ban taɓa kama fasto ba sai yau."

Shi da Ishbel suka kama hanyar gida. Murdo ne ya fara magana.

"Amma kin lura bai tashi sama da gwiwa ba?"

"Na lura mutum nawa ke ɗingishi."

Ya bar mara nauyi, ya koma kan wani na yadi mai kauri irin na tanti, mai manyan aljihuna a kowane gefe. Wannan, in ji shi, shi ne kilt na namiji mai aiki. Ya zuba guduma a aljihu ɗaya, sifana da ƙusoshi a ɗaya, filas ɗin shayi da biredi a baya. Ya ji labarin indararon Misis Gunn ya toshe, ya ɗauki tsani ya tafi ba tare da an kira shi ba.

"Ba sai ka wahala ba, Mista Geddes. Na riga na kira mai gyara."

"Mai gyara? Ga ni a gari? Riƙe mini tsanin kawai."

Ta riƙe, ta kafa idonta a ƙasa.

"Ki riƙe sosai fa."

"Ina riƙe. Kallo ne dai ba zan yi ba."

Ya hau har ƙarshe. Ya miƙa hannu biyu sama don ya kamo indararo, tumbinsa ya shige ciki, abin da ke riƙe da kilt ya rasa abin riƙewa. Guduma da sifana suka ja shi ƙasa, ya zame sulululu ya tsaya a idon sawu, ya ɗaure ƙafafun tamau. Ba hawa, ba sauka. Filas ya faɗo ya fasa tukunyar furanni, ƙusoshi suka yi ruwa a kan hular Misis Gunn.

"Me ke faruwa a can sama?" ta tambaya, idonta a rufe.

"Ba komai! Ina nazarin aikin ne!"

Ana cikin haka bas ɗin da Murdo ya yi shekaru yana tuƙawa ta shawo kwana, cike da baƙi masu yawon buɗe ido. Direban, tsohon abokin aikinsa, ya rage gudu, ya danna oda, har ya buɗe taga don kada wani ya ce bai gani da kyau ba. Wayoyi suka fito ta kowace taga. Murdo ya ɗaga hannu ɗaya ya gaishe su kamar mai karɓar baƙi, tsanin ya yi girgiza, ya yi maza ya rungume indararo.

Torquil ne ya ɗingisa ya kira Ishbel. Ta zo da garin fulawa a hannu, ta hau tsanin a bayansa.

"Ɗaga ƙafa."

"Wacce?"

"Duk wacce ta fi hankali."

Da wani ne, da ya koma ɗakin shirgi ya kwance buhun wanduna. Murdo sai ya buɗe akwati ya ciro na ulu mai yadi takwas, gadon kawunsa, ya ce dama na gargajiya shi ne gaskiya, sauran duk wasan yara ne. Ya fita da shi yawo bayan gari, ruwan sama ya same shi. Ulu ya sha ruwa ya yi nauyi kamar ya goya maraƙi, ya kuma fara warin jiƙaƙƙen rago. Karen wani makiyayi ya shinshina shi, ya yanke hukunci, ya kora shi tare da tumaki har cikin garke, duk inda ya yi yunƙurin fita kare ya tare. Kafin makiyayin ya zo ya yi fito, ƙananan ƙudajen cizon nan da ke tashi bayan ruwa sun gano hanyar shiga ƙarƙashin kilt, sun kira 'yan'uwansu. Kwana da kwanaki Murdo na cin abinci a tsaye.

A tsayen nan ne dabara ta zo masa. Ya yi odar maganaɗisu masu ƙarfi, irin waɗanda ake jefawa cikin ruwa a ciro ƙarfe. Ya koma kan mara nauyin nan, ya farke dalma, ya jera maganaɗisu a bakin gaba da bakin baya. Da ya ɗaura, gaba da baya suka kamo juna a tsakanin gwiwoyinsa, ƙat! Ya cire maɗaurin fata na ƙugu, ya sa irin abin mannawar nan da ke kan takalmin yara, wai don sauƙin cirewa. Ya leƙa ta kan shinge ya kira Torquil.

"Zo ka ga abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan."

Torquil ya duba gaba, ya zagaya ya duba baya. "Murdo, wannan ai wando ka ƙirƙiro."

"Hassada ce ke damunka."

"Ƙafa biyu, rami biyu, tsakiya a haɗe. A garinmu wando ake ce masa."

"Ranar biki za ka gani."

Ranar biki gari ya waye da sanyi da iska mai yanka. Murdo ya tsaya a ƙofar gida, iskar ta taɓa inda ƙudaje suka bar masa tabo, jikinsa ya yi yar. Ya leƙa, Ishbel na kicin tana shirya biredin gasa. Ya sulale ɗakin shirgi, ya kwance buhu, ya zaro wani tsohon wando ruwan ƙasa, ya zura. Ya naɗe ƙafafun har sama da gwiwa, ya ɗora kilt a kai. Wa zai sani? Ai an yi kilt ɗin ne don kada ya tashi.

Ya nufi gaɓa yana tafiyar agwagwa, domin maganaɗisu ba su yarda gwiwoyinsa su rabu ba. Ya ratsa ta rumfar shayi, cokula suka bi shi. Ya wuce teburin gasar biredi, wuƙar yanka ta tashi ta manne masa a gefe. Kafin ya kai wurin taro yana ƙara kamar akwatin kayan gyara, ga murafan kwalba, ga makullin wani, ga wani ɗan kare da ƙarfen wuyansa ya kama, yana biye da shi dole yana kuka.

Misis Gunn na tsaye da tuta a hannu. Gaskiyar magana, babu wanda ya nemi riƙe ta sai Murdo, don tana da nauyi kuma hanyar da nisa. Ta ɓamɓare ɗan karen ta miƙa wa mai shi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Mista Geddes, ka je ƙarshen gaɓa ka tsaya. In iska ta kaɗa kilt ɗin nan bai motsa ba, tuta taka ce. In ya motsa, ka tafi gida ka bar mu mu yi biki lafiya."

Ya tafi, ƙacau-ƙacau, gari duka na kallo. Ya tsaya a ƙarshen gaɓa ya buɗe hannuwa. Iska ta zo da dukkan ƙarfinta. Ta ɗauke hular fasto ta jefa teku, ta kifar da rumfa guda, matan coci suka dafe siket. Kilt ɗin Murdo ko gezau. Ya juya baya, ya juya gefe, ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai kiran iska ta ƙaro. Kilt yana nan yadda yake. Sai wani ya fara tafi, saura suka ɗauka. Har Torquil ya buga sandarsa a ƙasa. Ishbel ta dubi mijinta, ta yi ɗan murmushi, don rabon da ta ga abin da ya shirya ya tafi daidai har ta manta.

Misis Gunn ta miƙa masa tuta. Da ya karɓa ya shige gaba kawai, da labarin ya ƙare da daɗi. Amma Murdo ya ga taro, kuma bai taɓa ganin taro ya bar shi ya tafi a banza ba.

"Jama'ar Ardmurran!" ya ce, yana ja da baya don kowa ya gan shi. "Kafin mu tashi, bari in ɗan yi muku bayani. Na gwada mara nauyi, na gwada mai aljihu, na gwada na ulu. Wani ya ba ni daɗi ya hana ni mutunci, wani ya ba ni mutunci ya hana ni daɗi. Wanda ke jikina ya haɗa duka!"

A bayansa akwai motar kifi ta wani Sandy Mair, wanda ya gama lodi yana sauri ya kai kaya kasuwar birni. Murdo ya jingina da ƙofar bayanta don ya ji daɗin jawabi. Aka ji ƙat, ƙat, ƙat, maganaɗisu suka saki juna suka kama mota. Shi bai ji ba, muryarsa ta rufe.

"Murdo," in ji Ishbel, "matso daga jikin motar nan."

"Ina zuwa, ban gama ba. Kuma ina faɗa muku, namiji na gaske ba ya jin sanyi a ƙafa! Duk wanda kuka gani da wando a garin nan, tsoro ne ya sa shi!"

Sandy ya ta da mota ya ja. Murdo ya fara tafiya da baya, da farko a hankali, yana ci gaba da magana, sannan da sauri, tuta na kaɗawa a sama. "Kai! Tsaya! Sandy!" Masu ganga suka zaci jerin gwano ya tashi, suka fara kiɗa. Sai abin mannawar ƙugu ya ɓare, ƙyarrr, kilt ya bi mota da cokulansa da wuƙarsa, Murdo ya yi zaman dirshan a cikin wani akwatin ƙanƙarar kifi.

Matan coci suka rufe ido. Da suka ji an fashe da dariya maimakon ihu, suka buɗe. Murdo ya miƙe, ƙafafun wando ruwan ƙasa suka warware a hankali, ɗaya ta riga ɗaya, suka sauko har kan takalmi.

"Af!" in ji Torquil. "Ashe ka mayar da wandon da ka saki a ɓoye ba ka gayyace mu ba!"

"Wannan ba wando ba ne," in ji Murdo. "Shafi ne. Shafin ciki."

"Shafi mai zif da aljihu?"

Misis Gunn ta zare tutar daga hannunsa. "Tun da na san ka, Mista Geddes, yau ne ka fi suturta," ta ce. "Amma sharaɗi kilt ne, naka kuwa ya kama hanyar birni." Ta waiga ta dubi taro, idonta ya sauka kan Ishbel. "Ke kika hau tsani kika sauko da mutumin nan da hannu ɗaya. Tuta ba za ta gagare ki ba."

Haka aka yi. Ishbel ta shige gaba, masu busa na biye, gari duka na biye da su. Murdo na can ƙarshe tare da Torquil, ɗaya na ɗingishi, ɗaya na ɗigar ruwan kifi, yana gaya wa duk wanda ya waigo cewa shi ya koya mata riƙon tuta.

Da la'asar Sandy ya dawo, ya tsaya a ƙofar gidansu. Kilt na nan manne a bayan mota, ko cokali ɗaya bai faɗi ba.

"Na je birni na dawo, kan babbar hanya, ga iska ga ruwa, abin nan bai motsa ba," in ji Sandy. "Ni da mutum biyu mun ja, ya ƙi fita. Tamfol ɗina kullum sai iska ta yaye shi. Za ka iya yi mini irinsa babba, wanda zai rufe akwatunan kifi?"

Murdo ya gyara tsayuwa, ya tura ƙirji gaba, ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka shinge.

"Torquil, kana ji? Dama tun farko don motoci na ƙera shi. Jikina gwaji ne kawai." Ya juya cikin gida. "Ishbel! Ina labulen falo?"

"Yana jikin taga," in ji Ishbel daga kicin, "kuma almakashi na aljihuna."